Daga Rairayin Katsina Zuwa Dusar Ƙanƙara: Yadda Ake Shiga Tseren Siki Na Dogon Zango

Ranar da na fara fita atisaye da sanduna biyu, bayan sallar asuba, ina tafe ina dogara su a gefen titi wajen Ƙofar Ƙaura, wani mai shayi ya ɗago daga kan murhunsa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, ga sanda har biyu, to ina shanun?" Na yi dariya na wuce, don in na tsaya yi masa bayani ruwan shayinsa zai ƙone ban kai rabi ba. Shiri nake yi na tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda mutanen arewacin Turai ke yi da wasu dogayen alluna sirara da ake kira siki. Ba irin wanda ake nunawa a talabijin ba ne, inda mutum ke gangarowa daga kan tsauni kamar an harbo shi. Wannan doguwar tafiya ce, kilomita 30, ko 45, har 90, ta cikin dazuzzuka da fadamun da suka daskare, kuma da ƙarfinka za ka hau kowane tudu.

Yawancin waɗannan gasanni ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Ba sai ƙasarka ta tura ka ba. Ka biya kuɗin rajista, a ba ka lamba, ka bi hanyar da zakarun duniya suka bi da safiyar nan. Kuma ba kai ne ɗan Afirka na farko ba. Philip Boit na Kenya ya yi tseren kilomita 10 a gasar Olamfik ta hunturu a Nagano a 1998, ya zo na ƙarshe, amma wanda ya ci gasar, Bjørn Dæhlie na Nowe, ya tsaya a bakin layi yana jiransa har ya iso ya rungume shi. Samuel Ikpefan kuma ya wakilci Najeriya a wannan wasa a Beijin a 2022, ko da yake shi a Faransa ya tashi, cikin dusar.

Abin da na koya da jikina shi ne, huhu da ƙafa da kafaɗa ana iya gina su a nan Katsina, amma tsayuwa a kan siki sai a kan dusar kanta. A kan wannan za ka tsara kuɗinka da lokacinka.

Mataki na farko: ka fara da likita

Kafin ka sayi ko da safa, je asibiti a duba zuciyarka da hawan jini, sannan ka san rukunin jininka na sikila. Wannan ya shafe mu fiye da Turawan da ke shirya gasar, don haka ba za ka ga an ja maka kunne a kai a takardunsu ba. Mai SS ya bar wannan magana gaba ɗaya, sanyi da wahala su ne abokan gabarsa. Mai AS yana iya wasa, amma matsananciyar gajiya da ƙishirwa da wuri mai tsayi sosai suna iya jawo masa matsala, sai ya zauna da likita ya faɗa masa ainihin abin da zai je yi. Mai asma ma ya faɗa, domin busasshiyar iska mai sanyi tana shaƙe ƙirji. Italiya tana neman takardar likita kafin a ba ka lamba, ka ga ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Mataki na biyu: zaɓen salo da gasa

Salo biyu ne. Akwai kilasik, inda mota ke yanka layi biyu a cikin dusar kamar kwarin kunya, ka sa kowace ƙafa a nata layin, ka riƙa tafiya kana zamewa. Akwai kuma wanda ake bubbuɗa ƙafa gefe da gefe, irin na yaran da ke yawo da takalmin taya a kan kwalta. Na biyun ya fi sauri, ya fi kyan gani, amma wanda bai iya ba zai kashe ƙarfinsa cikin kilomita biyar. Ka ɗauki kilasik. Ko ka gaji ya koma maka tafiya, kuma layin yana riƙe maka ƙafa.

Manyan gasannin suna ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Worldloppet, wadda aka kafa a 1978. Uwarsu ita ce Vasaloppet ta Suwidin, kilomita 90 daga Sälen zuwa Mora, da aka fara a 1922, ana yin ta Lahadin farko ta watan Maris da mutane sama da 15,000. Nowe tana da Birkebeinerrennet, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, tun 1932, inda dole kowa ya goya jaka mai nauyin kilo 3.5 don tunawa da wani jaririn ɗan sarki da aka tsallake duwatsu da shi a 1206. Italiya tana da Marcialonga, kilomita 70 daga Moena zuwa Cavalese, a Lahadin ƙarshe ta Janairu. Siwizalan tana da Engadin, kilomita 42 daga Maloja zuwa S-chanf, a wuri mai tsayin kusan mita 1,800. Istoniya tana da ta Tartu, kilomita 63. Cek tana da Jizerská, kilomita 50.

Duk waɗannan ka karanta su ka ajiye. Shekararka ta farko ba tasu ba ce. Kusan kowace babbar gasa tana da ƙannenta, kuma nan ne wurinka. A makon Vasaloppet akwai Kortvasan mai kilomita 30, da Tjejvasan ta mata zalla, ita ma 30, da Halvvasan mai 45. Ta Tartu tana da mai 31. In da ni zan zaɓa maka, Kortvasan zan ce: hanyarta ita ce kashin ƙarshe na babbar hanyar, ba tudu masu ban tsoro, kuma a ƙofa ɗaya za ka gama da zakaru a tsakiyar garin Mora. Birkebeiner kuwa hawan tsauni ce da iska, an ma taɓa dakatar da ita saboda iskar a 2007 da 2014. Engadin kuma ga tsayi ga gangara mai bishiyoyi, har katifu ake ɗaure musu. Ka bar su sai ƙafarka ta zauna.

Na san akwai mai cewa, "In zan kashe kuɗin jirgi, ai gara in yi ta 90 ɗin in huta." To, ga abin da zai tarar. A Vasaloppet kowane zango yana da lokacin da ake ja igiya a tare hanya. Wanda igiya ta riga shi, sai a sa shi a bas a kai shi Mora. Baƙo da ba shi da tarihin wata gasa a rukuni na ƙarshe ake sa shi, kuma ana tashi sai wani dogon tudu inda dubban mutane ke cunkushewa kamar layin mai, a ɓata lokaci mai yawa a tsaye agogo na tafiya. Wanda ya ga dama sai 90 daga baya, akwai Öppet Spår, hanya ɗaya ce da tsawo ɗaya, amma babu wannan turereniyar.

Mataki na uku: ka ɗora kalandar gasa a kan ta azumi

A 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa cikin lokacin dusa. A 2027 ana sa ran azumi daga wajen 8 ga Fabrairu zuwa wajen 9 ga Maris, wato makon Vasaloppet gaba ɗaya yana cikinsa, amma gasannin Janairu sun kuɓuta. A 2028 kuwa ana sa ran sallah a ƙarshen Fabrairu. Kada ka yi tunanin yin kilomita 30 cikin sanyi da bakin azumi. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ga zufa tana fita a ƙarƙashin riga. Matafiyi yana da sassauci a shari'a, amma wannan magana ce ta kai da malaminka. Ni dai na fi son in zaɓi ranar da ba sai na yi tambayar ba.

Mataki na huɗu: gina jiki a garin da babu tudu

Ka ba kanka wata tara zuwa goma. Kwana huɗu ko biyar a mako, kuma mafi yawa a hankali, gudun da za ka iya hira a cikinsa. Matasanmu sun fi son su fita su kashe kansu cikin minti ashirin su dawo suna haki. Wannan wasa awanni yake so. Sau ɗaya a mako ka yi doguwar fita, ka fara da awa ɗaya, ka riƙa ƙara kaɗan-kaɗan har ka kai awa uku zuwa huɗu kafin Disamba, ko da gudu da tafiya, ko a keke. A watannin bazara in rana ta ɗaga an gama, saboda haka asuba ce lokacinka. Kuma ka tsaya cikin gari da hanyoyin da ke da jama'a, kowa ya san halin da wasu hanyoyin wajen gari ke ciki.

Rairayi da muke ƙorafi a kansa shi ne babban malaminka. Gudu cikin yashi mai laushi yana koya wa ƙafa ta tura abin da ke zamewa a ƙarƙashinta. Ka samo sanduna biyu da suka kai maka wajen hammata, ko na gora ne, ka riƙa dogayen taku kana tura kanka da su, hannun dama da ƙafar hagu tare. Tudu kuwa sai dai ka ƙirƙira: matakalar bene, ko ta filin wasa na Ƙarƙanda in an bar ka, hawa da sauka, minti ashirin, talatin.

Inda 'yan gudu ke faɗuwa shi ne hannu. Kusan rabin aikin siki a kafaɗa da ciki da baya yake, musamman tunkuɗa da sanduna biyu a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa kallon mace tana daka ya ga motsin: ba da hannu take saukar da taɓarya ba, nauyin jikinta take sakewa a kai. Ni tsohon tif na babur na samu wajen mai faci, na yanka shi gida biyu, na ɗaura a reshen bedin tsakar gida sama da kaina, ina jawowa ƙasa har bayan cinya ina ranƙwafawa kaɗan. Na fara da minti uku, na kai rabin awa. Hajiyarmu ta leƙo wata rana ta ce, "Kai ɗan nan, in ƙarfi ne ya yi maka yawa ga turmi can." Ba ta yi kuskure ba.

Sai tsayuwa a ƙafa ɗaya. Siki duka a kan wannan yake, domin a kowane taku nauyinka gaba ɗaya yana kan allo guda mai faɗin yatsu uku. Ka tsaya a ƙafa ɗaya lokacin da kake asuwaki, minti ɗaya, ka sauya. In ya yi sauƙi ka rufe ido, in ya ƙara sauƙi ka hau matashin kai.

Akwai siki mai taya da ake atisaye da shi a kwalta. Yana da amfani sosai, amma ba shi da birki. A titin da akwai a-daidaita-sahu da awaki da yashi a gefe, tsakuwa ɗaya ta isa ta kai ka wajen mai ɗori. In ka samu, sai wuri rufaffe mai santsin kwalta, da hular kwano.

Mataki na biyar: rajista, kuɗi da biza

Jerin yana da muhimmanci. Fasfo da farko, wanda zai rage da aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, da shafi biyu babu komai. Sannan rajista a shafin gasar na intanet. Manyan gasanni suna buɗewa kusan shekara guda kafin lokaci, farashi yana hawa in rana ta matso, kuma wasu suna cika. Za ka buƙaci katin da ke biya a waje, don haka ka shirya asusun dala tun da wuri. Italiya da Istoniya da Finlan da Jamus Yuro suke ci, Suwidin da Nowe da Siwizalan da Cek kowace da kuɗinta, kuma a Suwidin shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam.

Duk ƙasashen nan biza ɗaya ce ke shiga da su, ta Shengen. Kuɗinta Yuro 90, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu a Abuja ko Legas. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma ka nema da wuri, don samun ranar ganawa kaɗai yana iya cin makonni. Ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema. Za a so inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ka karanta ƙananan rubutun da ke jikinta, wasu ba sa biyan raunin da aka ji a gasar wasanni, kuma kai abin da za ka je yi ke nan.

Ka sa kanka a kujerar mai duba takardun. Ga Bakatsine, daga bakin Sahara, ya ce zai je tseren ƙanƙara. Dole ya yi shakka. Aikinka ka kashe shakkar da takarda: shaidar rajista da biyan kuɗi, wasiƙar wurin aiki da ta ba ka hutu ta kuma faɗi ranar komawarka, ko takardun kasuwancinka, bayanan banki na watanni da ke nuna shiga da fita na gaskiya, wurin kwana, takardar malamin siki da ka kama, da gajeriyar wasiƙa da ka rubuta da kanka kana faɗin abin da za ka yi kowace rana. Kada ka ranto kuɗi ka zuba a asusu ana saura mako guda, sun san wannan dabarar. Kada ka ba ejan ya haɗa maka takardun bogi, hana ka za a yi, kuma tabon ya bi ka. Tikitin jirgi ka kama wuri kawai, kada ka biya wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Kuɗin rajista kam ka ɗauke shi a matsayin abin da zai iya tafiya, ko don biza, ko don dusa ta ƙi zuwa. Vasaloppet da kanta an fasa ta a 1932 da 1934 da 1990.

Jirgi daga Kano ko Abuja za ka kama, ta Santambul ko Farankfot ko Doha. Daga filin jirgin Sitokhom, babban birnin Suwidin, zuwa Mora akwai jirgin ƙasa, tafiyar da ba ta wuce awa huɗu. Masauki a ƙananan garuruwan nan yana ƙarewa da wuri, kuma mutane da yawa a ɗakunan makaranta suke shimfiɗa a makon gasa. Ka kama naka ranar da ka yi rajista.

Mataki na shida: kaya

Siki da takalmi da sanduna kada ka saya, ka yi haya a can. Sikin kilasik ana zaɓarsa da nauyin mutum, ba tsawo kaɗai ba, domin tsakiyarsa a ɗage take kamar baka: in ka taka da ƙafa ɗaya ta taɓa dusa ta kama, in ka raba nauyi ta ɗaga ka zame. In ya fi ƙarfinka, kowane tudu baya za ka riƙa komawa. Haka ya faru da ni a kwanan farko. Mai shagon ya tambaye ni nauyina, na faɗa masa na shekara biyu baya, kafin atisaye ya zabge ni, na wuni ina zamewa ina zargin ƙafata. Ka hau sikeli a gabansa.

Ka ce a ba ka mai fata a ƙasa, wato wanda aka manna wa wani ƙyalle mai gashi a tsakiya. Shi zai raba ka da ilimin danƙo, wanda ake shafawa gwargwadon sanyin ranar, kuma ko tsofaffin hannu yana ba su kunya. Kakin santsi, wanda ake goga wa ƙasan siki don ya riƙa zamewa, ka bar wa shagon, ka ce mara sinadarin fulorin, an hana shi a gasanni tun kakar 2023. Sandar kilasik ba ta wuce kashi 83 cikin 100 na tsawonka. Takalmi ya bar wa yatsu wurin motsi, matsattsen takalmi shi ke kawo daskarewa.

Sutura hawa uku ce, kuma babu auduga a ciki, ko singileti. Auduga tana shan zufa ta riƙe, in ka tsaya ta koma ƙanƙara a jikinka. Ta ciki ta ulu ko ta roba mai manne wa jiki, ta tsakiya siririya mai ɗumi, ta waje mai tare iska. A gwanjo ana tsintar irin waɗannan da arha in kana da haƙurin tono. Sai hula mai rufe kunne, ƙyallen wuya da za ka ja har hanci, safar hannu siririya da wata mai kauri, tabarau, da gajeren wando mai tare iska ta gaba, wanda duk namijin da ya manta shi sau ɗaya ba ya sake mantawa. Kuskuren ɗan ƙasar zafi shi ne jibga kaya. Sanyin hunturunmu da ke sa mu kunna wuta a ƙofar gida bai kai ko kusa da sifili ba, can kuwa digiri 10 ko 15 ƙasa da sifili ba labari ba ne, sai tsoro ya sa mutum ya saka duk abin da ya zo da shi. Minti goma da tashi ya jiƙe sharkaf. In kana tsaye a wurin tashi kana ɗan jin sanyi, ka yi daidai.

Guzuri: kilishi da dambun nama da duk wani nama ko madara an hana shiga da su Tarayyar Turai a jakar matafiyi. Nawa a kwandon shara na filin jirgi ya ƙare, ina ji ina gani. Dabino kuwa an yarda, kuma babu abin da ya fi shi a aljihun ɗan tsere, sai dai ka cire ƙwallon tun a ɗaki, ka sa shi kusa da jiki don kada ya zama dutse.

Mataki na bakwai: ka isa da kwana bakwai zuwa goma a hannu

In kuɗi ya gaza, ka rage komai ka bar wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kama malami na awa biyu a rana ta farko da ta biyu da ta huɗu, sauran lokacin ka maimaita. Abin da za ka nema ya koya maka, a jere: yadda ake tashi in an faɗi, yadda ake tsayawa da haɗa kan siki biyu a buɗe bayansu kamar garma, yadda ake hawan tudu da tafiyar agwagwa, sannan taku da zamiya, sannan tunkuɗa. Gangara ita ce abin tsoro. Jikinka zai ce ka miƙe ka ja baya, kuma nan take za ka zauna daɓas. Ka lanƙwasa gwiwa, hannaye a gaba, ido a inda kake so ka je. Faɗuwa ta ashirin na daina ƙirgawa, ga wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta wuce ni tana gaishe ni da kai.

Kwana biyu kafin gasa ka huta, fita ta rabin awa ta isa. Wanda ke da hali ya yi tafiya biyu, akwai dogayen rumfunan dusa da ake sanyaya su da inji, kamar na Torsby a Suwidin da Vuokatti a Finlan, inda ake siki tun kafin lokacin sanyi ya shigo.

A kwanakin nan za ka saba da sauran abubuwa. Naman alade yana shiga abinci da yawa: a Suwidin ka kula da kalmomin fläsk da skinka da gris, a Italiya maiale da speck da prosciutto, a Jamusanci Schwein. Kifi da ƙwai da dankali da taliya ba za su ƙare maka ba. Alwala ka yi ta a ɗaki ka bushe sarai kafin ka fita, kuma ka tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salla tun kana gida. In zazzaɓi ya kama ka, ka faɗa wa likita daga Najeriya ka zo, don cizon sauro ba shi ne zai fara zuwa masa a rai ba.

Mataki na takwas: ranar tsere

Ka karɓi lambarka da na'urar auna lokaci tun ana gobe tsere, ka jera kaya a ƙasa kafin ka kwanta. Ka ci abinci awa biyu zuwa uku kafin tashi, abin da cikinka ya riga ya sani. Bas yana tashi da duhu. Ka sa babbar riga a sama, ana saura minti goma ka cire ta ka jefa a jakar da za su kai maka wurin gamawa. Kada ka dogara da man shafawa ya kare maka fuska daga daskarewa, man kaɗanya na leɓe ne, ƙyalle ne ke kare kunci.

In an tashi, ka bar su su tafi. Kashi ɗaya cikin uku na farko ka yi shi kamar kana jin kunya. Ka riƙe layin dama, masu sauri su bi hagu. In ka faɗi, ka janye daga layi kafin ka fara kiciniyar tashi, na bayanka ba shi da birki. A gangara ka bar tazara, kuma in wata ta fi ƙarfinka, cire siki ka sauka da ƙafa ta gefe ya fi karaya.

Kowane zango ka sha, ko ba ka jin ƙishi. A hanyar Vasaloppet za a miƙo maka wani kunu mai ɗumi, shuɗi-shuɗi, na 'ya'yan itacen daji, da ɗan burodi. Ka sha, amma kofi ɗaya ko biyu, yawansa yana taɓa ciki. Tsakanin zango ka jefa dabino kowane rabin awa. Wayarka ta zauna a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir. Ka riƙa motsa yatsun hannu da na ƙafa. A baƙar fata daskarewa ba ta saurin nunawa, wurin yakan yi toka-toka ya mutu ba ka jin komai, saboda haka rashin jin zafin shi ne alamar. Ka ɗora tafin hannu mai ɗumi a kai, kada ka murza, kada ka shafa dusa, in bai dawo ba ka shiga tantin masu agaji.

Zangon ƙarshe kafin Mora sunansa Eldris, saura kilomita tara. Daga nan ƙasa ta kwanta, hannu ne zai kai ka, kuma a nan ne tif ɗin reshen bedi zai biya ka. Za ka fara hango hasumiyar cocin garin, ka ji ƙararrawa da muryar mai sanarwa, mutane a gefen titi suna kiran "heja, heja" ga wanda ba su taɓa gani ba. Kana tsallake layi, kafin hoto, kafin kiran gida, ka nemi jakarka ka cire jiƙaƙƙun kaya, domin minti biyar a tsaye cikin zufa ya isa ya sa haƙoranka kaɗawa. Sannan ka karɓi takardar shaidarka. In kana da niyyar dawowa, ka sayi ɗan littafin Worldloppet da ake buga wa hatimi bayan kowace gasa: gasa goma a ƙasashe goma, aƙalla ɗaya a wata nahiya daban, shi ne ake ba mutum lambar gwani. Sakamakon da ka samu yau kuma ka adana shi, a gasanni da dama da irinsa ake matsar da mutum daga rukunin baya zuwa na gaba.